Yadda Za A Cire Wa Matashi Tsoron Da Rigimar Iyaye Ke Jefa Shi Ciki

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma babu auren da ya kuɓuta daga wannan. Abin da iyaye da yawa ke mantawa shi ne akwai mai sauraro na uku a gidan. Yaron da ke tsakanin shekara 12 da 18 ya san ƙarar mashin ɗin mahaifinsa tun daga bakin layi, kuma daga yadda aka yi sallama a zaure yake gane ko yau za a kwana lafiya. Iyaye kan ce ai ya girma, ba ruwansa. Girman nan kuwa shi ya sa abin ya fi cinsa. Ƙaramin yaro ƙarar murya ce ke razana shi, da an yi shiru ya koma wasa. Matashi ya san ma'anar saki, ya san yaji, ya ga maƙwabciyar da aka kwashe wa kaya a mota, ya kuma ga yadda 'ya'yanta suka koma a hannun matar uba. Shi ya sa tsoronsa ba ya ƙarewa idan faɗan ya lafa. Da shi yake kwana, da shi yake tafiya makaranta.

Wane irin saɓani ne ke haifar da tsoro

A 1990 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Grych da Frank Fincham, suka nuna cewa yadda yaro ya fassara faɗan iyayensa shi ke yanke irin illar da zai yi masa. Tambayoyi uku yake yi wa kansa: wannan abin zai shafe ni? Ni na jawo? Akwai abin da zan iya yi? A 1994 kuma Patrick Davies da Mark Cummings suka ƙara da cewa kwanciyar hankalin yaro ta rataya ne a kan yadda yake ganin zaman iyayensa, da zarar ya ga zaman na rawa sai ya shiga sa ido. Jikinsa yana sakin sinadaran shirin haɗari, irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta yi sauri, ciki ya murɗa, barci ya yi nisa. Idan sau ɗaya ne a wata, jiki yana komawa daidai. Idan kullum ne, yaron ya zama kamar maigadin da ba a taɓa karɓarsa ya je ya huta ba. Ga shi kuma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu ya ce kwantar da hankalinka, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Abu huɗu ke raba saɓanin da yaro zai iya ɗauka da wanda zai raunata shi: yawansa, zafinsa, abin da ake faɗan a kai, da kuma ko ya ga ƙarshensa. Na uku da na huɗu su aka fi sakaci da su. Faɗa a kan kuɗin makarantarsa, ko wayarsa, ko saurayin da ke zuwa wajenta, kai tsaye yake zama "ni na jawo". Faɗan da aka yi a bainar yara aka shirya a turaka, a wajen yaran har yanzu yana nan.

Kada a ɗauka shiru ya fi sauƙi. Gaba ta kwana biyar, kwanon tuwo da maigida ya mayar bai taɓa ba, habaicin da ake yi wa ƙaramar yarinya alhali da uban ake, duk matashi yana karanta su. Wani lokaci gaba ta fi cacar baki tayar masa da hankali, domin bai san ranar da za ta fashe ba. Haka nan rufe ƙofa ba ya ɓoye komai a ciki da falo na gidan haya a Tudun Wada ko Sabon Gari, inda bango bai kai rufi ba ko silin ya huje. A gidajen gado na cikin birni kuwa, inda sashe ke jikin sashe, kunya ce ke hawa kan tsoron: ya san 'ya'yan baffansa sun ji, gobe kuma tare za su tafi Islamiyya.

Yadda ake gane yaron da ke cikin tsoro

Da wuya matashi ya ce "ina jin tsoro". Jikinsa ke faɗa. Ciwon ciki da safe kafin makaranta, ciwon kai, faɗuwar gaba, numfashi sama-sama, rashin cin abinci, firgita cikin barci. Sau da yawa a yi ta zarya kemis ana sayen maganin olsa, ko a sha na maleriya da taifot zagaye biyu ko uku, ciwon yana nan. A fara da gwaji a asibiti domin cututtukan nan gaskiya ne, amma idan gwaji ya fito lafiya kuma ciwon yana tashi ne a ranakun rigima, an samu bakin zaren.

A ɗabi'a kuwa abin kan fito ta hanyoyin da ba su yi kama da tsoro ba. Akwai yaron da ke ƙin zuwa makaranta ko ya gudo tun kafin a tashi. A ce masa malalaci, alhali gadin mahaifiyarsa yake yi. Akwai wanda ba ya shigowa gida sai 11 na dare, yana majalisa ko gidan kallon ƙwallo, yana jira a yi barci. Akwai mai saurin fushi da dukan ƙanne. Wadda aka fi kuskure da ita kuwa ita ce yarinyar da ta zama ba ta da laifi ko ɗaya: ta yi shara tun asuba, ta ɗora tukunya, ta kwashe ƙanne daga tsakar gida kafin Baba ya shigo, ta rarrashi Umma. Kowa yana sa mata albarka, ita kuwa tana ganin idan ta yi kuskure ɗaya gidan zai watse. Irin wannan yarinyar ce za ka ji daga baya tana cewa ita ba za ta yi aure ba, ko kuma ta amince da duk wanda ya fara zuwa don ta bar gidan. Ɗalibin makarantar kwana ma bai tsira ba, shi tsoronsa abin da ke faruwa a bayan idonsa ne, shi ya sa yake ta neman waya ya kira gida.

Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce littafin rubutu na mako biyu. Kowace rana a rubuta abu biyar a layi ɗaya: an yi saɓani ko gaba yau? Ƙarfe nawa ya yi barci? Ya ci abinci sau nawa? Ya yi ƙorafin ciwo? Ya je makaranta? Bayan kwana 14 a duba ko ranakun ciwon suna bin ranakun rigima, musamman washegari. Kada yaron ya san ana yi, in ba haka ba zai fara ɓoyewa.

Abin da iyaye za su gyara tsakaninsu

A ranar da ake zaman lafiya, ba ranar faɗa ba, miji da mata su yi alkawarin kalma ɗaya da ke tsayar da magana, kamar "sai anjima". Duk wanda ya faɗe ta, ɗayan ya tsaya. Masanin zaman aure John Gottman ya nuna cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya saboda fushi, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki na bukatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Saboda haka a ba da minti 20 zuwa 30. Abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar ga mai fushi ya dace da nan: a nemi tsari daga Shaiɗan, mai tsaye ya zauna, mai zaune ya kishingiɗa. Inda wannan matakin ke lalacewa shi ne maigida ya buga ƙofa ya fita bai ce komai ba, sai tsakar dare. A wajen yaron wannan fitar tana iya zama ta ƙarshe. A faɗi lokacin dawowa da murya yadda zai ji: "Zan je masallaci, bayan isha'i zan dawo mu ƙarasa." Kuma a dawo ɗin.

Akwai maganganun da bai kamata su shiga kunnen yara ba ko da an yi fushi. Barazanar saki da "ki tafi gidanku" suna kan gaba, domin ko an janye su yaron ya riga ya fara lissafin inda zai koma. Sai "halin uwarka ka ɗauko" da "kai ma kamar ubanka". Yaro rabinsa uwa ne rabinsa uba, duk wanda aka zaga a cikinsu shi aka zaga. Wadda ta fi su duka nauyi kuwa uwaye mata ne ke faɗinta, kuma da kyakkyawar niyya: "Ba don ku ba da tuni na bar gidan nan." Uwa tana nufin ta nuna ƙauna. Abin da yarinya ke ji shi ne ita ce igiyar da ta ɗaure mahaifiyarta cikin wahala, kuma ranar da haƙurin ya ƙare za a tafi a bar ta. Uwar da ke son nuna ƙauna ta ce "ina ƙaunarku" kawai, ta tsaya nan.

Sai a sauke yaron daga ayyuka huɗu da ake ɗora masa ba tare da an lura ba. Ɗan aike: "Je ka gaya wa uwarka ba ni da kuɗin cefane." Shi zai ga fuskar da aka yi, shi zai kwaso amsa mai zafi ya rasa yadda zai isar. Idan baki ba ya iya magana da baki, a tura saƙon waya. Ɗan leƙen asiri: "Duba min me aka kai ɗakin amarya", ko "wa Babanku yake waya da shi?" Shaida: "Kai ma ai kana wurin, faɗa masa wa ya fara." Duk amsar da ya bayar ya ci amanar ɗaya. Sai abokiyar sirri, wato babbar 'yar da uwa ke zauna da ita tana amayar mata da duk abin da ke tsakaninta da mijinta. Uwa tana da hakkin ta sami mai saurarenta, amma yayarta ko aminiyarta ko malamar Islamiyya ce ta dace, ba yarinya 'yar aji huɗu a sakandare ba.

Maganar kuɗi a cire ta daga gaban yara gaba ɗaya. Kuɗin makaranta, rajistar WAEC da NECO da JAMB, kayan sallah, duk lokacinsu sananne ne. A zauna mako biyu ko uku kafin lokacin, a yanke abin da za a iya, sannan a gaya wa yaron sakamakon kawai: "Bana NECO za mu iya biya, ɗayar sai baɗi." Matashi yana iya ɗaukar babu. Abin da ke karya shi shi ne ya ji ana zagin juna saboda takardar da ya kawo daga makaranta, har ya fara ɓoye takardun.

Nuna masa cewa an shirya

Nan ne al'adarmu ke ba mu wahala. Faɗa yana fita fili da kansa, shiri kuwa kunya ta sa ana ɓoye shi. Binciken Cummings da abokan aikinsa ya nuna cewa hankalin yara yana kwanciya sosai idan sun san an sasanta, ko da ba a gabansu aka yi ba, muddin an gaya musu ko sun ga alama. Saboda haka cikin kwana ɗaya bayan rigimar, ɗaya daga cikin iyayen, ko duka biyun in zai yiwu, ya faɗi magana gajera: "Jiya kun ji muryarmu ta tashi ni da Babanku. Mun yi magana, mun fahimci juna. Ba laifin kowa ba ne a cikinku, kuma ba aikinku ba ne ku gyara." Ba sai an faɗi abin da ya haɗa ba. Sannan a bar su su ga alamun da suka sani: sannu da zuwa, a ci abincin da aka kawo, a yi hira a tsakar gida, maigida ya kira ta da sunan da ya saba.

Kada a yi ƙarya. Idan ba a shirya ba aka ce an shirya, matashi zai gane cikin awa ɗaya, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da "babu komai" ba. Gara a ce: "Ba mu gama daidaitawa ba tukuna, Kawu zai zo ranar Juma'a mu zauna. Makarantarka da abincinka da wurin kwananka babu abin da zai taɓa su."

Zama da yaron shi kaɗai yana da nasa tsari. Minti 10 zuwa 15 ya isa, kuma ya fi sauƙi idan ba ido cikin ido ba ne: uwa da 'ya suna tsince shinkafa ko ana kitso, uba da ɗa a hanyar gona ko dawowa daga masallaci. A yi tambaya ɗaya a jira: "Idan muna faɗa, me kake tsoron zai faru?" Shirun zai yi tsawo, kada a cike shi. Duk abin da ya faɗa, kada a ce "kai namiji ne fa" ko "ke dai kin cika tsoro", kada kuma a fara kare kai ko kawo laifin ɗayan. A maimaita masa abin da ya ce, sannan a amsa tsoron da gaskiya. Idan ɗan fari ne kuma akwai kunya tsakaninsa da iyaye, kada a tilasta. A nemi wanda yake sakewa da shi, gwaggo ko kawu ko kaka, da sharaɗin mutumin ba ya cikin rigimar kuma ba zai kai maganar gaba ba.

Shi ma yaron a ba shi abin yi a lokacin faɗa, domin rashin sanin abin yi rabin tsoron ne. Kada ya shiga rabon faɗan. Ya ɗauki ƙanne ya tafi gidan da aka riga aka amince, na kaka ko na maƙwabta. Idan gabansa na faɗuwa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya fitar a hankali ta baki yana ƙirga shida, na minti uku zuwa biyar. Fitarwar mai tsawo ce ke rage bugun zuciya. Barcin ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 ne, don haka maganar da za ta yi zafi kada a ajiye ta sai dare. Lokacin da yara suke makaranta ya fi.

Ƙarin aure, yaji da saki

Kada yaro ya ji labarin amaryar mahaifinsa a bakin 'yan unguwa. Uban da kansa ya gaya masa makonni kafin ɗaurin aure, ya kuma amsa abin da yaron ba zai iya tambaya ba: wa zai bar ɗakinsa, yadda kwana zai kasance, kuɗin makaranta yana nan ko ba ya nan. Idan uwa za ta yi yaji, ta gaya wa yaran inda za ta, wanda zai kula da su, da yadda za su same ta a waya. Tafiya da asuba ba sallama tana barin tabon da ke daɗewa, ko da an yi biko bayan kwana uku.

Idan saɓanin ya fi ƙarfin mutum biyu, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da hanya: mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A zaɓi masu riƙe sirri, a yi zaman a inda yara ba sa ji. Idan kuma rabuwa ta tabbata, a gaya wa matashi abu huɗu a fili: inda zai zauna, makarantar da zai ci gaba, ranakun da zai ga ɗayan, da wanda zai biya bukatunsa. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da hakkin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, sai in wani dalili na shari'a ya hana, ciyarwa kuwa tana kan uba. Hana yaro ganin mahaifiyarsa don a ƙuntata mata zalunci ne a kan yaron. Kuma rabuwar da aka yi cikin mutunci ta fi masa sauƙi a kan zaman da ake dambe kowane mako.

Duka da barazana da makami wani babi ne daban. A nan ba a maganar dabarun sasantawa sai an fara samun tsira. Uwa da yara su koma inda babu haɗari, a sanar da waliyyai da mai unguwa, a je asibiti idan akwai rauni. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane, duka na 2018, kuma akwai Cibiyar Salama a Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya, mai karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Saurayin da ya fara cewa zai rama wa mahaifiyarsa, a ɗauki maganarsa da gaske, a nisanta shi da wurin.

Lokacin zuwa asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon fargaba yana cikin waɗanda suka fi yawa. Idan an gyara abubuwan da ke sama na wata ɗaya zuwa mako shida amma alamun ba su ragu ba, ko yaron ya daina zuwa makaranta, ko yana ramewa, a kai shi. Haka idan firgici yana taso masa farat ɗaya, da bugun zuciya da gumi da jin kamar zai mutu, ya yi tsanani cikin kamar minti 10 sannan ya sauka. A gidajenmu akan danganta wannan da aljanu, musamman ga 'yan mata. Addu'a da azkar ba sa hana ganin likita, a haɗa su, amma kada a yarda da duk mai magani da zai doki yarinya ko ya ɗaure ta ko ya turara mata hayaƙin da ke shaƙe ta. Idan kuwa yaro ya ambaci mutuwa, ko ya ce gara ba ya nan, ko aka ga yana yankar jikinsa, ranar za a tafi. Kafin nan a kawar da fiya-fiya, maganin ɓera da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Maganin farko na fargabar matasa yawanci zama ne da ƙwararre, yana koya wa yaron gane tunanin da ke tayar masa da tsoro da yadda zai fuskance shi mataki-mataki, zama ɗaya a mako na tsawon wata biyu zuwa huɗu. Ƙwaya sai likita ya ga bukata. Kada a sayi maganin barci irin su diazepam a kemis don yaron ya samu ya runtsa, jiki yana sabawa da shi da sauri, kuma ta wannan ƙofar wasu ke wucewa zuwa tiramadol da kodin.

Ranar zuwa a tafi da littafin nan na mako biyu, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da sunayen duk magungunan da ya sha, har na gargajiya. A gaya wa likita gaskiyar abin da ke faruwa a gida, in ba haka ba zai yi ta neman ciwon a ciki da kai. A bar yaron ya gana da likitan shi kaɗai na ɗan lokaci, domin akwai abin da ba zai faɗa a gaban Umma ko Baba ba. Idan da hali iyayen biyu su je tare, kuma su shirya jin cewa wani ɓangare na aikin da za a ba da a kansu zai faɗa.